Kada Ki Sayar da Mutanenki

Zongo, Yamai
Ranar Laraba

Uwani, ɗiyata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ko da yake bango ɗaya ne ya raba ɗakina da naki, kuma da safen nan ma na ji kina kokawa da akwati. Allah Ya kiyaye hanyar da za ki bi ranar Lahadi, Ya sauke ki Dakar lafiya, Ya sa karatun gyaran injinan asibiti da za ki yi shekara uku ya amfane ki, ya amfani jama'a.

Za ki ce me ya hana Baba ya kira ni mu yi magana baki da baki. Ai kin san halina. In na fara da niyyar lallashi, kafin in kai ƙarshen zance na koma faɗa, ke kuma ki sunkuyar da kai ki ce to Baba, ki tashi da abinki a ciki. Shi ya sa na ajiye pistole ɗin feshin fenti, na wanke hannu, na shimfiɗa takarda a kan wata mota nan garaj ina rubutu. In kin ga ɗigon fenti a gefe, ki yi haƙuri.

Shekaranjiya innarki ta gaya mini kin yi magana da wani mai shago a unguwar Plato, zai zo ranar Asabar ya kwashe mutanenki gaba ɗaya, su da armuwar, kabad ɗin nan mai gilashi da suke ciki. Robo, ƴan mutum-mutumin nan na inji, na ƙarfe da na roba, da jaruman nan masu gaɓoɓi da ake lanƙwasawa, da sababbin da ko kwalinsu ba ki buɗe ba, duka. Kada ki ga laifinta, ni na matsa mata. Har ta faɗa mini abin da kika ce: "Gara in ba wanda ya san darajarsu, da in dawo in tarar da rabi." Wallahi raina ya ɓaci. Na fita ko shayi ban sha ba. Amma kafin in isa garaj fushin ya sauka, don na yi ta neman inda kika yi ƙarya ban samu ba.

To ga abin da nake roƙo. Kada ki sayar. Ki bar mini su in riƙe miki har ki dawo. Na san in an jera mutanen Yamai kaf, ni ne na ƙarshe da ya kamata ya buɗe baki ya faɗi haka. Saboda haka bari in faɗi laifuffukana da kaina, ki gani ko na gane su, kuma ki ɗauki abin da za ki ɗauka a ciki ki tafi da shi.

Kin tuna mafarin abin? Shekararki tara, kika bi ni kasuwar Katako neman mariƙin ƙofar mota. Wani ya zazzage buhunan tsofaffin kayan wasa da suka zo daga Kwatano a kan tampol, yara sun yi caa kowa na wawurar mai ƙyalli. Ke kuwa kika tsuguna kina juya su ɗaya bayan ɗaya kina duba ƙarƙashin ƙafa. Kika zaro wani robo na gwangwani, duk ya ƙoƙƙoje, da makulli a haƙarƙarinsa, ba ya ko motsi. Na ce ki ɗauki ƴar tsana kamar sauran ƴan mata, kika ƙi. Kwana uku kina fama da shi da gindin cokali da man keken ɗinkin innarki. Rana ta huɗu muna cin tuwo sai ga shi ya taho ƙyas ƙyas ƙyas a kan siminti, har ya yi karo da kwanon miya. Na yi dariya har na ƙware. Abin da ban yi ba shi ne in tsaya in dubi yarinyar da ta tayar da mataccen inji ba tare da kowa ya koya mata ba.

Shekara goma sha biyar ke nan. Yau kina ɗaga abu a tafin hannu ki ce wannan na Japan ne na asali, wannan kwaikwayo ne, tun kafin ki karanta rubutun ƙasansa. Masu buhuna a Katako waya suke yi miki kafin su kwance sabon kaya. Da idona na ga wani dattijo cikinsu ya miƙe ya ba ki kujerarsa. Ni da nake shiga kasuwar nan tun ba a haife ki ba, ko ruwa ba a taɓa ba ni ba.

Laifina na farko kwalaye ne. Lokacin kina lise, babbar sakandare. Mun samu taksi uku a garaj rana ɗaya, takardar da muke rufe gilashi da ita kafin feshi ta ƙare. Sai na tuna akwai tulin kwalaye a ninke ƙarƙashin gadonki. Na ce ai tarkace ne, ɓera ma zai tara mana. Na kwaso, na yayyanka, na lilliƙa a gilasan motoci, na fesa fari a kai. Da kika taso lakwal, da jakar makaranta a kafaɗa, kika biyo ta garaj karɓar saƙon innarki, kika tsaya ƙiƙam gaban taksin nan. Kika ɓamɓare guntu ɗaya mai hoton fuska da rubutun Japan, kika sa a jaka, kika wuce. Sai daga baya na gane cewa ga masu wannan sha'ani kwalin rabin kayan ne, kuma samun tsohon robo da kwalinsa ya fi samun robon wuya nesa ba kusa ba.

Don haka, Uwani, in kin shiga ɗakin aikin mutane kika ga tsohuwar takarda, ko gwangwani cike da kusoshi, ko wata waya a rataye da ba ki san amfaninta ba, kada ki zubar don kina son wuri ya yi tsaf. Ki tambaya. Akwai wanda ya ajiye, kuma yana da dalili. Haka in kin tarar da tsohon ma'aikaci da kowa ya raina, ki gaishe shi da kyau, ki zauna kusa da shi.

Na biyu ya fi ci mini rai, don da zuciya ɗaya na yi shi. Shekarar da kika ci bak, jarrabawar gama sakandare, na rasa me zan ba ki. Na ce ni mai fenti ne, shekara arba'in ina mayar da tsohuwar mota amarya, bari in yi wa ɗiyata abin da na iya. Na saci robonki na farko, wancan na Katako, na kai garaj. Na goge shi tas har ƙarfe ya fito. Ƴan agogunan nan da ke zane a ƙirjinsa, da ƙananan haruffan bayansa, duk na share. Na cike lotsattsun wurare da mastik ɗin da muke cike jikin mota da shi, na fesa ja irin na motar manya, na bi da berni mai sa ƙyalli har sau biyu. Kai, ya yi kyau a idona! Na ɗora shi a faranti na kawo miki ina washe baki kamar wanda ya dawo daga Makka.

Kika karɓa da hannu biyu, kika daɗe kina kallonsa. Kika ce, "Na gode, Baba. Ya yi ƙyalli."

Ni kuma na tafi ina ta ba abokai labari. Sai da aka yi wata biyu innarki ta ce mini ranar ba ki ci abinci ba. Da na matsa, kika yi mini bayani a hankali, kamar mai gaya wa maras lafiya sakamakon gwaji: zanen nan ba da buroshi aka yi shi ba, buga shi aka yi a jikin gwangwanin tun kafin a lanƙwasa, kuma babu mai iya mayar da shi. Ƙojewar da na raina ita ce shaidar shekarunsa. Ban taɓa jin kunyar sana'ata ba sai ranar. Abin da ya ƙara kashe mini jiki, ba ki ɓoye shi ba. Har yau yana hawa na sama, ja wur a tsakiyar ƴan'uwansa, kina share masa ƙura kamar kowa.

Ki ji tsoron hannunki in ya ƙware. Wanda bai iya ba yakan ji shakka ya tsaya, gwani shi ne ba ya tambaya. Za a kawo miki inji a ce ga abin da ke damunsa. Ki gyara abin da aka ce, in kin ga wani abu daban ki faɗa kafin ki taɓa. Kuma in za ki yi wa mutum alheri, ki fara sanin abin da shi yake so. Ni abin da nake so na ba ki, na kuma tsaya ina jiran godiya.

Na uku, ban so in rubuta shi, amma in na tsallake kin san na tsallake. Lokacin armuwar tana falo. Alhaji Garba, abokina na masallaci, ya zo gaishe ni, ya zauna yana fuskantarta. Ya dube ta, ya dube ni, ya ce bai zaci zai ga mutum-mutumi jere a falon mutum kamata ba. Kunya ta kama ni har cikin ƙashi. Yana fita, ko takalmansa ban gama jin ƙararsu ba, na ɗauko almakashin yankan waya na cire kawunan guda bakwai. Sauran na tura a buhu na jefa magaza, ɗakin ajiyar nan mai rufin kwano, a tsakiyar watan Afrilu, ke kuwa kin tafi Doso wajen kakarki. Kwana tara suna gasuwa. Da kika dawo kika kwance buhun, fararen sun koma rawaya, wasu suna danƙo kamar alewar da ta kwana a aljihu, masu batir kuwa batir ya fashe ya cinye musu ciki.

Na je wurin malamina ina jiran ya yaba mini. Ya saurare ni har na gama. Ya ce zancen siffofi da kayan wasa zance ne da malamai suka yi magana mai tsawo a kai, in ina so mu zauna ya karanta mini. Amma kafin nan yana da tambaya: don Allah na yi, ko don idon Alhaji Garba? Kuma shekara nawa abin yana falona ban motsa ba sai ranar? Na dawo gida na tarar kin tsince kawunan a gwangwanin madara. Ba ki yi mini musu ba, ba ki ɗaga murya ba. Kika mayar da armuwar ɗakinki, kika ɗinka mata labule kina ja in za ki yi salla. Kawunan kuma kika huda wuya da allura mai zafi, kika sa musu ƴar waya kika mayar. Magana ɗaya kika yi: "Baba, da ka ce mini, da ni da kaina zan fitar da su daga falo."

Ki riƙe addininki da kyau a can, ki riƙe salla a kan lokaci, abin da ya shige miki duhu ki tambayi masu sani. Amma duk ranar da kika ji zuciyarki ta yi zafi kina son ki yi wani abu nan take don wani ya yi magana, ki zauna tukuna. Za ki haɗu da masu yi wa lulluɓinki dariya, za ki haɗu da masu cewa mace da girmanta me take yi da kayan wasan yara. Kada ki cire lulluɓin don waɗancan, kada ki jefar da kayan wasan don waɗannan. Yadda kika yi da labulen nan ya nuna mini kin fi ni iya zama da mutane.

Na huɗu shi ne wanda ya kawo mu inda muke, kuma ko wata biyar bai yi ba. Babban robon nan da ake haɗawa da ƙananan motoci biyar, biyu ƙafafu, biyu hannuwa, ɗaya ƙirji da kai. Shekara shida kina nemansu. Uku daga Katako, ɗaya kika yi musanya da wani a Abijan ta waya, na biyar sai bara wata ɗaliba ta zo miki da shi daga Faransa. Ranar da ya tsaya da ƙafafunsa biyu kika kira ni in gani, na leƙa na ce madalla na wuce, hankalina yana kan wani aiki.

Ranar Babbar Salla kin fita rabon nama, yayata, gwaggonki Hajo, ta zo daga unguwar Gudel da jikanta. Yaron ya leƙa ɗakinki ya gani, ya fashe da kuka, yana birgima a ƙasa. Gwaggonki ta dube ni ta ce, "Sani, abin wasa ne fa." Kin san yadda muke. Baƙo ya yaba abu a gidanka, balle yaro ya yi kuka a kai, balle a gaban yayarka. Na san inda kike ajiye makulli. Na buɗe, na zare ƙafar hagu, ƴar mota shuɗiya, na miƙa masa. Aka yi ta sa mini albarka, ina jin daɗi. Da kika dawo kika tarar da robon jingine da gilashi da ƙafa ɗaya, kika rufe ƙofarki a hankali. Tun ranar makullin yake cikin jakarki.

Wannan kunyar ita ce ciwona tun ina saurayi. Ba na iya ce wa babba a'a, sai in ɗauki na ƙasa da ni in biya da shi. Kada ki gaje ni. Kyauta da abin wani ba kyauta ba ce, ko da an yi maka addu'a a kai. Ki koyi cewa a'a da ladabi, ki rusuna, ki yi murmushi, ki ce ba nawa ba ne, ko ki ce ba zan iya ba. Shugabanki a wurin aiki zai iya cewa ki sa hannu cewa inji lafiya yake alhali kin san ba haka ba ne. Ranar ki tuna akwai mai rai da za a kwantar a ƙarƙashinsa.

Jiya da hantsi na rufe garaj na hau moto, babur ɗina, na tafi Gudel. Na tarar da gwaggonki a lambu tana ban ruwan salati da mata uku. Na gaishe ta, na yi ta kewaye-kewaye, ƙarshe dai na faɗi abin da ya kawo ni. Uwani, na sha faɗa. Ta ajiye bokiti ta kama ƙugu, ta ce tun da aka kafa gidanmu ba a taɓa jin wanda ya ba da kyauta ya dawo karɓa ba, sai ni da furfurata, kuma a kan tarkacen roba. Ta ce ke kika aiko ni. Na ce ba ki ma san na zo ba. Matan nan suna ta ƙunshe dariya. A da, da tuni na ba da haƙuri na juya. Na tsaya. Na ce Yaya, ba nawa na bayar ba, kuma mai shi za ta yi tafiya da ɓacin rai. Ta yi tsaki, ta ce in je gidan in nema da kaina, ita ba ta da lokacin shirme.

Na kai wa yaron ƙwallo. Motar kuwa a bayan randa na same ta, cikin laka. Taya ɗaya babu. Na durƙusa a tsakar gidan ina tankaɗe yashi da rariyar gwaggonki har azahar, kaji suna kallona, sai Allah Ya sa na gan ta. Ga su nan a leda tare da takardar nan, da lakarsu da komai. Ban wanke ba, ban liƙa ba. Akwai tsaga a gefen dama, ke za ki san abin da ya dace da ita.

Yanzu ki ji ko na koyi wani abu, don na daɗe ina satar kallonki kina aiki. Ba a barin batir a ciki. Ba a barin rana ta taɓa su, ko ta taga. Ba a wanke su da sabulun gari, buroshi mai laushi kike bi da shi, na ƙarfen kuma ba sa son ruwa ko kaɗan. Masu makulli ba a murɗa su har ƙarshe. Ƙananan takubba da bindigogi kowanne yana ledarsa da takardarsa, ba a gauraya su. Waɗanda ke cikin kwalinsu a rufe ba a buɗewa, ko da wa ya zo. In damina ta yi a duba ko bango ya jiƙe. Ɗakin zai zauna a kulle, in ma kina so, kafinta ya zo ya ƙara kwaɗo. In gwaggonki ta dawo da jikoki goma, zan ce makulli yana Dakar, Allah Ya yafe mini.

Kayanki ne, da wahalarki kika tara, ba zan hana ki ba. In kin karanta kin ga har yanzu sayarwa ta fi miki kwanciyar hankali, ranar Asabar ni zan ɗauki kwalayen in kai motar mutumin, ba za ki ji ko uffan daga bakina ba. Amma ki sani ba robar nake wa kuka ba. A kansu kika koyi haƙuri, a kansu hannunki ya koyi taɓa ƙaramin abu ba tare da ya karya ba, su suka kai ki inda za ki. Ina alfahari da ke, Uwani, fiye da yadda bakina ya taɓa faɗa. Abin da ba zan iya ɗauka ba shi ne ɗiyata ta bar gidana tana ganin ubanta ba ya riƙe amana, kuma ya zama gaskiya ta gani.

Sauran gargaɗi kin san su. Ki ci abinci a kan lokaci, kada ki zauna kan aiki ki manta da cikinki kamar yadda kika saba. Ki riƙa kiran innarki, ita ba za ta ce ta yi kewa ba, a kaina za ta huce. Ki zaɓi ƙawaye a hankali.

Abu ɗaya ya rage. Yau da nake rubutun nan na so in ambaci ko guda ɗaya da sunansa, sai na ga ban sani ba. Shekara goma sha biyar suna gidana, na yanka su, na fesa su, na gasa su, na kyautar da su, ban taɓa tambayarki sunan ko ɗaya ba. Ko za ki sayar ko ba za ki sayar ba, gobe ba zan je garaj ba. Zan zo in yi sallama a ƙofar ɗakinki da littafi da biro. In kin ba ni izini in shigo, ki zaunar da ni ki faɗa mini su ɗaya bayan ɗaya, ni kuma zan yi shiru in rubuta.

Allah Ya yi miki albarka, Ya tsare ki a tafiya da zama, Ya kare ki daga sharrin mutum da na ƙarfe, Ya buɗe miki karatu, Ya sa hannunki ya zama sanadin lafiyar bayinSa. Allah Ya dawo mana da ke lafiya, Ya sa muna da rai. Ki yafe mini.

Babanki,
Sani mai fenti